Bartolomé Murillo, Mai Zanen da Ya Shigar da Mala'iku Madafa

Da yawa daga cikinmu sun san wani hoton Budurwa Maryamu tana tsaye a bisa jinjirin wata, sanye da farar riga da shuɗin mayafi, hannuwanta a ƙirji, idanunta a sama, ƙananan mala'iku kuwa sun yi dafifi a ƙafafunta kamar yara a gindin uwa. Ana ganinsa a kalanda da katunan addu'a da bangon littattafan rosari. Da dama daga cikin irin waɗannan hotuna an kwafo su ne, ko kuma an kwaikwayo su, daga aikin wani mutumin ƙasar Sifen mai suna Bartolomé Esteban Murillo, wanda ake furta sunansa Muriyo. Shi ba firist ba ne, bai kuwa shiga zuhudu ba, kuma Ikilisiya ba ta sa shi cikin jerin waliyai ba. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, wanda ya ci abinci da sana'ar hannunsa a gari guda tun daga ƙuruciya har mutuwa.

Garin shi ne Sebiya, a kudancin Sifen, yankin da masana tarihi suka sani da sunan Andalus. Samarinmu sun fi saninsa saboda ƙungiyar ƙwallon ƙafa, amma a zamanin da muke magana a kai babu garin da ya kai shi arziki a ƙasar. Ta kogin da ya ratsa shi ne jiragen ruwa suke shigowa da azurfa da zinariya daga nahiyar Amurka, domin sarki ya ba shi shi kaɗai iznin wannan ciniki. A nan aka haifi Murillo a kwanakin ƙarshe na shekarar 1617, aka yi masa baftisma ran 1 ga Janairu 1618 a cocin Waliyiya Maryamu Magadaliya. Shi ne auta a cikin 'ya'ya 14. Mahaifinsa Gaspar Esteban wanzami ne irin na wancan lokaci, mai aski da zubar da jini da cire haƙori da ɗinkin rauni. Sunan nan Murillo daga dangin mahaifiyarsa ya ɗauko shi.

Yana ɗan shekara tara uban ya rasu, a 1627, uwar ta bi shi a shekara ta gaba. Yayarsa Ana da mijinta, wanda shi ma wanzami ne, su suka riƙe shi. Da ya kai shekara goma sha biyar ya nemi takardar tafiya Amurka kamar yadda samarin garin suke yi, amma tafiyar ba ta yiwu ba. Sai aka ba da shi ga wani mai zane, Juan del Castillo, wanda yake da dangantaka da gidansu, domin ya koyi sana'a.

Ya kamata a ɗan faɗi yadda sana'ar take, domin a gane wahalar da ke bayan kowane hoto. Ba a sayen fenti a gwangwani a wancan zamani. Yaron shago shi ne yake niƙa ƙasa mai launi da duwatsu da gawayi a kan dutsen niƙa har su yi laushi kamar kwalli, sa'an nan ya kwaɓa garin da man da aka tatso daga ƙwayar tsiron da ake saƙa lilin da shi, ko man gyaɗar turawa. Ana ɗaure ƙyalle mai kauri a jikin katako, a shafe shi, a bari ya bushe, kafin maigida ya ɗora alkalaminsa na gashi. Amfanin mai shi ne ba ya saurin bushewa. Mai zane yana iya gauraya launi da launi a kan ƙyallen, ya kuma ɗora shafi mai sirara a kan wani shafin, har haske ya riƙa fitowa kamar daga cikin hoton. Masu zanen ƙasar Filandas, wato Beljiyam ta yau, irin su Jan van Eyck, su ne suka gwanance da wannan dabara tun ƙarni na 15, daga nan ta bazu a Turai. Da ita ne daga baya Murillo ya iya zana gajimare da fukafukan mala'iku waɗanda ba a ganin inda suka fara ko inda suka ƙare.

Masu sayen irin wannan aiki galibi coci-coci ne da gidajen zuhudu. Dalili kuwa, yawancin jama'a ba su iya karatu ba. Tun wajen shekara ta 600 Paparoma Giregori Babba ya koyar da cewa hoto a bangon coci yana yi wa wanda bai yi karatu ba aikin da littafi yake yi wa mai karatu. Majalisar Tirento kuma ta sake tabbatarwa a 1563 cewa girman da ake ba hoto yana komawa ne ga wanda hoton yake nunawa, ba a roƙon katako ko ƙyalle, ba a kuwa dogara gare su. Mu da muke zaune da maƙwabta masu yawan tambayarmu a kan wannan batu, ya kyautu mu riƙe wannan amsa. Mai zane a Sebiya kusan katikis ne, sai dai shi da launi yake koyarwa.

A watan Fabrairu 1645 Murillo ya auri Beatriz de Cabrera, 'yar wani ƙauye mai suna Pilas. A wannan shekara ce kuma ya sami aikin da ya fito da sunansa. 'Yan'uwan Waliyi Faransis na babban gidansu da ke tsakiyar gari suna son jerin hotuna da za a rataya a barandar ƙaramar farfajiyarsu, masu nuna rayuwar tsarkakan ƙungiyarsu. Saurayin ya karɓi aikin, ya yi shi cikin shekara biyu ko uku. Ɗaya daga cikin hotunan, wanda ya sa wa hannu a 1646, shi ake kira Madafar Mala'iku, kuma wanda ya fahimci wannan hoto ya fahimci mutumin.

Faɗinsa ya kai mita huɗu da rabi. Labarin da yake bayarwa na wani ɗan'uwa ne marar muƙami, wanda aikinsa a gidan shi ne girki. Wata rana addu'a ta ɗauke masa hankali har ya manta da tukunya. A hoton ana ganinsa a durƙushe, amma gwiwoyinsa ba sa taɓa ƙasa, haske ya kewaye shi. Daga hagu shugaban gidan ya turo ƙofa tare da baƙi biyu, manyan mutane, sun tsaya baki buɗe. To abin mamakin yana dama. Madafar cike take da mala'iku, kowa da aikinsa. Wani babba mai dogayen fukafukai ya ɗauki tulu. Wani yana daka kayan miya a turmi, wani yana jera kwanuka, wani yana kula da tukunya a kan wuta, ƙanana kuma sun zauna a ƙasa suna tsince kayan lambu daga kwando. Murillo ya zana tukwanen jan ƙarfe da tulunan ƙasa da kabewa da gauta da tumatir da irin kulawar da ya zana fuskokin mala'ikun, har mai kallo yana iya ƙirga su.

Masu zane da yawa kafinsa sun zana mala'iku, amma galibi a kewaye da kursiyi, suna busa ƙaho ko suna riƙe da takobi. Shi ya kawo su inda hayaƙi yake shiga ido. Iyayenmu mata na Zumunta, waɗanda suke kwana a gindin murhu daren bikin girbi ko ranar naɗin sabon firist yayin da sauran jama'a suke cikin coci suna waƙa, su ne za su fi kowa gane abin da yake nufi. A wani hoton na wannan jerin kuma ya nuna Waliyi Diego na Alkala a durƙushe yana godiya a gaban katuwar tukunya, mabarata da mata da yara sun kewaye shi da ƙorensu, fuskokinsu kuwa na mutanen da yake gani kullum ne a ƙofar gidan.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin irin wannan ido. A 1649 annoba ta faɗa wa Sebiya, irin cutar nan da ƙumar ɓera take yaɗawa. Cikin 'yan watanni ta kashe kusan rabin mutanen garin. Aka haƙa manyan ramuka a bayan ganuwa ana zuba gawa da amalanke. Bayan annoba sai yunwa, har a 1652 talakawan unguwar Feria suka yi bore saboda tsadar burodi. Kogin ma ya fara cikewa da yashi, manyan jirage suka koma tsayawa a Kadis, a bakin teku, ciniki ya bi su. A cikin waɗannan shekaru Murillo da Beatriz suka binne wasu daga cikin 'ya'yansu na fari. Garin ya cika da marayu masu kwana a kango.

Waɗannan yara ya zana su ma. Akwai hoton wani yaro zaune shi kaɗai a ɗaki mai duhu, tufafinsa tsumma, tafin ƙafarsa baƙi ƙirin da dauɗa, yana neman ƙwarƙwata a ƙirjinsa, hasken rana yana faɗo masa ta taga. Akwai wasu biyu suna cin inabi da kankana da kumatu cike. Fataken Filandas da Holan da ke zaune a garin su ne suka fi sayen irin waɗannan, shi ya sa kusan dukansu suna ƙasashen waje a yau. A ɗaya daga cikinsu, wanda yake a wani gidan ajiye hotuna a Landan, wani yaro baƙar fata ɗauke da tulu ya miƙa hannu yana roƙon gutsuren abinci daga wani yaro Bature, shi kuwa ya janye abincinsa. Sebiya tana da bayi 'yan Afirka da yawa a lokacin, kuma gaskiya ta wajabta a faɗi cewa a gidan Murillo kansa akwai baiwa mai suna Juana de Santiago, wadda bai 'yanta ba sai a 1676. Mutumin da ya ga darajar mabarata haka sarai ya zauna shekaru da wannan abu a ƙarƙashin rufinsa, kamar sauran masu hali na garinsa. Ba za mu wanke shi daga wannan ba.

Daga nan sunansa ya yi ta hawa. A 1656 ya zana wa babban cocin garin wani ƙaton hoton Waliyi Antoni na Paduwa a durƙushe, Jariri Yesu yana saukowa gare shi a tsakiyar rundunar mala'iku. (Wannan hoto ya ga ta kansa: a 1874 ɓarawo ya yanke siffar waliyin da wuƙa ya gudu da ita, aka gano ta a Niyok a shekara ta gaba, aka mayar aka ɗinke, kuma har yanzu mai lura yana iya ganin tabon.) A 1658 ya yi 'yan watanni a Madrid, inda ya ga ayyukan manyan masu zanen Italiya da Filandas da sarki ya tara, hannunsa ya ƙara laushi bayan ya dawo. A 1660 shi da wasu abokan sana'a suka kafa makarantar koyon zane a Sebiya, aka zaɓe shi ɗaya daga cikin shugabanninta biyu na farko.

A ƙarshen 1663 Beatriz ta rasu bayan haihuwa. Murillo yana da shekara 45 ko 46, bai kuwa sake aure ba. Ya reni sauran yaran da kansa. 'Yarsa Francisca, wadda kurma ce, ta zama sista a gidan 'yan Dominik. Gabriel ya yi tafiyar Amurka da uban bai samu yi ba. Autan maza, Gaspar, ya zama firist, daga baya ya shiga cikin manyan firistocin babban cocin garin.

Shekara biyu bayan mutuwar matarsa, a 1665, ya shiga wata ƙungiya da ake kira 'Yan'uwantakar Ƙauna Mai Tsarki, kuma a nan ne ya yi aikin da ya fi kowane nauyi a rayuwarsa. Asalin aikin wannan ƙungiya shi ne wanda kowa yake gudu: tsamo gawar waɗanda kogi ya ci, da ɗauko gawar waɗanda hukuma ta rataye, da ta baƙin da ba su da kowa, a yi musu jana'iza irin ta Kirista. Shugabanta a lokacin Miguel Mañara ne, ɗan gidan masu dukiya, wanda mutuwar matarsa a 1661 ta juya masa rayuwa. Shi ya ƙara wa ƙungiyar masaukin marasa gida da asibitin marasa lafiyar da sauran asibitoci suke ƙi, ya kuma ƙarasa ginin cocinsu. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya amince da nagartar halayensa a 1985. Waɗannan mutane biyu, kowanne da kabarin mata a zuciyarsa, su suka tsara abin da mai shiga cocin zai gani.

Ga yadda tsarin yake. Da shigarka, kusa da ƙofa, sai ka yi karo da hotuna biyu masu ban tsoro na wani mai zane dabam, Juan de Valdés Leal. A ɗaya ƙwarangwal yana kashe kyandir da hannunsa, ya taka duniya, rawunan sarauta da littattafai da takubba zube a ƙasa. A ɗayan gawar bishop ce da ta wani jarumi suna ruɓewa a cikin akwatunansu, hannu daga sama yana riƙe da ma'auni. Tambayar da aka yi maka ke nan tun kana bakin ƙofa. Amsar tana jere a bangon dama da hagu har zuwa bagadi, cikin hotuna shida da Murillo ya zana tsakanin wajen 1667 da 1670, kowanne yana nuna ɗaya daga cikin ayyukan jinƙai da Ubangiji ya lissafa a Matiyu sura 25, kuma kowanne an ɗauko shi daga labarin Littafi Mai Tsarki.

Domin ciyar da mayunwata ya zana Yesu yana sa wa gurasa albarka, yaron nan yana miƙo kifi, taron jama'a ya bazu har iyakar gani. Domin shayar da masu ƙishirwa ya zana Musa a gaban dutsen da ya buga, ruwa yana kwarara, kuma a nan ya saki hannunsa: mata suna tura tuluna, uwa tana ba ɗa ruwa ɗan'uwansa yana kukan a ba shi, kare ya sa baki a kududdufi, wani yaro a kan doki yana nuna ruwan da yatsa yana kallonmu. Wanda ya taɓa tsayawa layi a bakin rijiya a watan bazara ba ya bukatar a fassara masa wannan hoto. Domin tufatar da huntu ya zaɓi komowar ɗa mubazzari. Saurayin ya durƙusa cikin tsumma, ƙafafunsa sun yi kaushi, tsohon ya sunkuya ya rungume shi, wani ɗan farin kwikwiyo yana tsalle a jikinsa domin ya gane shi. A gefe ɗaya ana jan ɗan maraƙi, a ɗaya gefen kuma bara ya fito da sabuwar riga da takalma a kan faranti, wani yana riƙe da zobe. Rigar nan ce dalilin hoton, shi ya sa ya sa ta inda ido ba zai kuskure ta ba.

Sauran ukun su ne na mala'iku. Domin saukar da baƙo ya ɗauko labarin Farawa sura 18, inda mutum uku suka iso wa Ibrahim da tsakar rana. Murillo bai ba su fukafukai ba. Ya zana su matafiya ne da sandunansu, Ibrahim ya durƙusa a ƙofar gidansa yana nuna musu hanyar shiga da hannu biyu. Tsohon bai ga wata alama ba tukuna, kuma da haka mai zanen ya tuna wa 'yan ƙungiyar abin da wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta faɗa a sura 13 game da waɗanda suka sauki mala'iku ba da saninsu ba. A ganina wannan shi ne mafi zurfi a cikin shidan, ko da yake shi ne mafi ƙarancin ado. Domin ziyartar marasa lafiya ya zana Yesu yana miƙa hannu ga shanyayyen nan na bakin tafkin Betasda, wanda ya shekara 38 ba shi da mai jefa shi cikin ruwa. Mala'ikan da yake motsa ruwan yana can nesa a sama, ɗan ƙarami, har sai an duba da kyau, domin wanda ya fi shi ya riga ya iso. Domin fansar ɗaurarru kuma ya zana Bitrus zaune a ƙasan kurkuku, sarƙa ta zube, mala'ika mai haske ya kama shi a dantse yana nuna masa ƙofa, fuskar tsohon manzon kuwa ta wanda bai tabbata ko mafarki yake yi ba ce, daidai da yadda Ayyukan Manzanni sura 12 ta ba da labari.

Aikin jinƙai na bakwai, binne matattu, wanda shi ne tushen ƙungiyar, an bar shi ga babban bagadi, inda masassaƙi Pedro Roldán ya sassaƙa jana'izar Almasihu da katako. Murillo ya ƙara manyan hotuna biyu a ƙananan bagadai. A ɗaya, Yohanna na Allah, wanda ya kafa asibiti a Giranada, ya goyo wani majiyyaci cikin duhun dare, nauyi ya kai shi ƙasa, mala'ika ya tallafe shi. A ɗayan, Waliyiya Alisabatu ta Hangari, 'yar sarki, tana wanke kan wani yaro mai ƙora a bisa kwano, wani yaron yana sosa nasa kan, wani tsoho a ƙasa yana kwance tsumman gyambonsa. Dokar ƙungiyar ta bukaci 'yan'uwa, waɗanda da yawansu manyan gari ne, su yi wa majiyyata hidima da hannunsu. Idan suka fito daga cocin, ɗakunan marasa lafiya suna nan a jikin ginin.

A cikin waɗannan shekaru kuma ya cika cocin 'yan Kafucin da hotuna, ciki har da na Mala'ika Mai Tsaro, inda babban mala'ika ya riƙe hannun ƙaramin yaro yana tafiya da shi, ɗaya hannun yana nuna masa sama. Hotunan Maryamu wadda aka ɗauki cikinta ba tare da zunubin asali ba, waɗanda muka fara da su, ya zana su wajen sau ashirin. Mutanen Sebiya suna da zafin ƙauna ga wannan koyarwa tun fiye da shekara ɗari biyu kafin Paparoma Piyus na Tara ya tabbatar da ita a 1854, kuma siffar macen da ke tsaye a kan wata daga Wahayin Yahaya sura 12 aka ɗauko ta. Mafi shahara a cikinsu ya zana shi wajen 1678 domin abokinsa Fada Justino de Neve, aka rataya shi a gidan da wannan firist ya kafa domin tsofaffin firistoci da marasa lafiyarsu.

Aikinsa na ƙarshe na 'yan Kafucin na Kadis ne, babban hoton Waliyiya Katarina domin bagadinsu. Yana cikin aikin ya faɗo daga kan katakon da ya hau. Ya yi 'yan watanni yana jinya, ya rasu a Sebiya ran 3 ga Afrilu 1682, yana da shekara 64, bai ƙarasa faɗar wasiyyarsa ba. Almajirinsa Francisco Meneses Osorio ya kammala hoton. Aka binne shi a cocin unguwarsa, Santa Cruz, wato Giciye Mai Tsarki.

Hotunan sun zauna a inda ya bar su fiye da shekara 120. A 1810 sojojin Napoleon na Faransa suka shiga Sebiya a ƙarƙashin wani babban hafsa mai suna Soult, suka kwashe hotuna kusan 1,000 daga coci-coci da gidajen zuhudu suka tara a fadar garin. 'Yan Kafucin sun yi dabara, sun fitar da nasu daga garin kafin sojoji su iso, shi ya sa yawancinsu suna Sebiya har yau. Cocin 'Yan'uwantakar Ƙauna bai tsira ba. Soult ya ɗauki huɗu daga cikin hotunan jinƙai shida ya kai gidansa a Faris, daga baya aka sayar da su. Ɗa mubazzari yana Washinton yanzu, Ibrahim da baƙinsa suna Ottawa a Kanada, shanyayyen Betasda yana Landan, Bitrus da mala'ikansa suna San Fitasbag a Rasha. Madafar Mala'iku tana gidan ajiye hotuna na Luvur a Faris. Hoton Maryamu na gidan tsofaffin firistoci, da aka yi gwanjon kayan Soult a 1852, gwamnatin Faransa ta saye shi a kan faran 615,300, kuɗin da ba a taɓa biya a kan hoto ba kafin wannan rana. Ya koma Sifen a 1941, amma Madrid aka kai shi.

A inda suke yanzu ana kula da su ƙwarai, dubban mutane suna kallonsu kowace shekara. Sai dai mai kallon Ibrahim a Ottawa ba ya ganin ƙwarangwal a bayansa, ba ya ganin jana'izar Almasihu a gabansa, babu kuma majiyyaci a ɗakin da ke kusa da zai je ya juya. Wataƙila wannan yana cikin abin da ya sa masanan ƙarni na 20 suka riƙa rena Murillo, suna cewa hotunansa sun cika zaƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin idan ana maganar dubban kwafe-kwafen da aka yi ta bugawa, kowanne ya fi na gabansa laushin fuska. Amma mutumin da ya zana gyambon tsohon nan da tafin ƙafar yaron nan ya san ɗaci sarai, kuma ga mutanen da suka binne rabin garinsu ya zana taushin da ake zarginsa da shi. A 2008 ƙungiyar, wadda har yanzu take kula da tsofaffi marasa galihu a wannan gini, ta sa aka zana kwafin hotuna huɗun nan aka rataya a gurabensu, domin jerin ya sake karantuwa daga ƙofa zuwa bagadi.

Cocin Santa Cruz kuwa an rushe shi a lokacin da Faransawa suke riƙe da garin, aka mai da wurin fili. Ba a kwashe ƙasusuwan da ke ƙarƙashinsa ba. Yau dandali ne mai itatuwan lemo da giciyen ƙarfe a tsakiya, da wani allo a jikin bango mai shaida cewa Murillo yana kwance a wani wuri a ƙarƙashin wannan fili.